Adana Tarihin Jirgin Ƙasa a Nijeriya: Nauyi a Wuyan Wa?

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana na cewa waiwaye adon tafiya. A cikin 'yan shekarun nan Nijeriya ta sake mayar da hankali ga sufurin jirgin ƙasa, bayan ta daɗe da juya masa baya. An buɗe sabon layin dogo daga Abuja zuwa Kaduna a shekarar 2016, da na Itakpe zuwa Warri a 2020, sannan na Legas zuwa Ibadan a 2021. Waɗannan sababbin layuka faɗinsu milimita 1,435 ne, alhali kuwa tsohon layin da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa faɗinsa milimita 1,067 ne. Ma'anar wannan bambanci ita ce, babu wani tsohon inji ko tarago da zai iya hawa sabon layi. Haka kuma an gina wa sababbin layukan tashoshinsu na kansu, wasu ma nesa da tsofaffin. Saboda haka duk lokacin da sabon layi ya ƙara nisa, sai wani ɓangare na tsohon ya tashi daga matsayin kayan aiki ya koma tarkacen da ba a san yadda za a yi da shi ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa waɗannan tsofaffin kayayyaki, wato injuna da taragai da tashoshi da takardu, shaidu ne na tarihin ƙasar nan da na harsunanta, kuma adana su a gidajen tarihi nauyi ne da ya rataya a wuyan gwamnati, wanda ya kamata a riƙa ware masa kuɗi daga baitulmali. Da farko za a yi bitar tarihin shimfiɗa dogon a taƙaice, sannan a dubi tasirinsa a kan fatauci da harshe. Bayan haka za a duba halin da kayan suke ciki, da abin da wasu ƙasashe suka yi da nasu. Daga ƙarshe za a kawo hujjoji da shawarwari.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Dogo a Nijeriya

2.1 Layin Yamma da na Baro zuwa Kano

An fara aikin shimfiɗa dogo daga Legas a shekarar 1896, aka buɗe shi zuwa Ibadan a 1901. Daga nan ya ci gaba da kutsawa arewa, ya isa Ilori a 1908, ya kai bakin kogin Kwara a Jebba a 1909. A Arewa kuwa, abin da aka fara gani shi ne wani ɗan siririn layi da Lugga ya sa aka yi a farkon ƙarni na 20, domin ya haɗa hedikwatarsa ta Zungeru da inda jiragen ruwa suke tsayawa a kogin Kaduna.

Babban aikin Arewa shi ne layin Baro zuwa Kano, wanda aka fara a 1907 a zamanin Gwamna Percy Girouard. Shi wannan Bature injiniyan soja ne, kuma ya riga ya yi suna wajen shimfiɗa dogo a hamadar Sudan. An zaɓi Baro ne saboda tana bakin kogin Kwara, inda jiragen ruwa za su iya sauke ƙarafa da injuna idan kogi ya kawo. Layin ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya, ya isa Kano a watan Maris na 1911, zamanin Sarki Muhammadu Abbas, bayan ya ci tazarar kimanin mil 356. Ba a daɗe ba aka haɗa shi da layin Legas a Minna, ko da yake sai da aka riƙa ƙetarar da taragai a kan jirgin fito a Jebba har zuwa 1916 da aka kammala gada.

A watan Oktoba na 1912 aka haɗe hukumomin layukan biyu suka zama ɗaya. Yana da kyau a lura da wannan shekara, domin haɗewar Kudu da Arewa a mulki ba ta zo ba sai a 1914. Ke nan dogo ya riga takarda haɗa Nijeriya. Har ila yau, kasancewar Kaduna a kan layin na daga cikin dalilan da suka sa aka tashi daga Zungeru aka mayar da ita hedikwatar Arewa.

2.2 Kuza da Kwal da Sauran Layuka

Kowane layi da aka ƙara bayan wannan akwai hajar da aka yi shi dominta. Saboda kuza aka shimfiɗa ƙaramin jirgin Bauci, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, wanda ya tashi daga Zariya ya bi ta Rahama ya hau tsaunukan Jos da Bukur a 1914. An rufe shi a 1957. Saboda kwal da aka gano a Udi a 1909 aka kafa garin Fatakwal, aka ja dogo daga can zuwa Inugu a 1916. Wannan layi na Gabas ya bi ta Makurɗi da Kafanchan ya haɗu da na Yamma a Kaduna, sannan aka yi masa reshe daga Kafanchan zuwa Jos a 1927, aka kuma kammala gadar Binuwai a Makurɗi a 1932. Saboda auduga da gyaɗa da fatu aka kai dogo Gusau da Ƙaura Namoda a 1929, da Nguru a 1930. Layi na ƙarshe shi ne na Barno, wanda ya bi ta Bauci da Gwambe ya isa Maiduguri a 1964, da taimakon rancen farko da Bankin Duniya ya ba Nijeriya a 1958. Da kammala shi tsawon tsohon dogon ƙasar nan ya kai kilomita 3,505. Kafin wannan, a 1955, an kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda har yau ita ce mai mallakar waɗannan kadarori.

2.3 Waɗanda Suka Yi Aikin

Sunayen gwamnoni da injiniyoyi ne suka cika littattafai, amma talakawa ne suka sare daji, suka fasa duwatsu, suka ɗauki ƙasa a ka. A aikin Baro zuwa Kano, Turawa sun ɗora wa sarakuna da hakimai nauyin kawo leburori daga ƙauyuka, musamman a ƙasashen Nufe da Gwari da Zazzau. Ana biyan su lada da kuɗin Turawa, amma zuwan nasu na tilas ne, kuma da yawa sun bar gonakinsu ba da son ransu ba. Ta wannan hanya ce sule da sisi da kwabo suka ƙara shiga hannun jama'a suna ture wuri.

Daga baya ma'aikatan jirgi sun zama ƙashin bayan ƙungiyoyin ƙwadago. Michael Imoudu, wanda ya yi aiki a ma'aikatar gyaran injuna ta Ebute Metta, shi ne fitaccen jagoran yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ya ɗauki kimanin kwana 44, ya kuma ƙara wa fafutukar neman mulkin kai ƙarfi. Jirgin ne ya kwashi sojojin da aka kai Yaƙin Duniya na Biyu zuwa bakin teku, shi ne kuma ya kwashi dubban masu gudun tsira da rai a rikicin 1966. Duk wanda yake son ya ba da labarin Nijeriya a ƙarni na 20, mai daɗi da marar daɗi, ba shi da hanyar da za ta kauce wa tashar jirgi.

3.0 Jirgi da Fatauci da Harshe

3.1 Sauyin Hanyoyin Fatauci

Masu masaƙun Ingila sun goyi bayan kai dogo Kano ne da fatan samun auduga. Amma da jirgi ya fara jigila a 1912, sai manoma da 'yan kasuwar Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, suka karkata gare ta. Daga nan ne attajirai irin su Alhasan Ɗantata suka bunƙasa, daga nan ne kuma dalar gyaɗa ta samo asali, domin buhunan da jirgi bai samu kwashewa da wuri ba su ne ake jerawa su yi tsiri. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ma ta daɗe tana bin wannan hanya zuwa teku. A ɗaya ɓangaren kuma, jirgin ya karya fataucin raƙuma tsakanin Kano da Tarabulus, ya kuma rage ayarin fataken da suke zuwa Gwanja neman goro, saboda goro ya koma shigowa ta Legas, daga baya ma aka riƙa noma shi a ƙasar Yarabawa.

Wannan sauyi ya haifar da sababbin matsugunai. An kafa Sabon Garin Kano a 1913 domin baƙi daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, waɗanda da yawansu akawuna ne da ma'aikatan jirgi. An kafa unguwar Sabo a Ibadan a 1916 domin Hausawa masu cinikin goro da shanu. Umuahia ta zama babbar kasuwar shanu a Gabas saboda tana kan layi. Kafanchan kuwa mahaɗar dogo ce ta mayar da ita gari. A irin waɗannan wurare ne Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Tibi da Banufe suka zauna gida ɗaya, suka nemi harshen da za su yi ciniki da shi. Yaɗuwar Hausa a garuruwan tsakiyar Nijeriya, da yaɗuwar Ingilishin Buroka a sabon-garuruwan Arewa, ba za a fahimce su sosai ba sai an ɗora taswirarsu a kan taswirar dogo.

3.2 Kalmomin da Jirgi Ya Kawo

Abin sha'awa ne a ga cewa manyan harsunan nan uku sun bi hanya iri ɗaya wajen raɗa wa baƙon abu suna. Kowanne ya ɗauki kalmar da yake kiran abin hawan ruwa da ita ya faɗaɗa ma'anarta. Bahaushe ya ce jirgin ƙasa, kamar yadda yake da jirgin ruwa, daga baya kuma ya sami jirgin sama. Bayarabe ya ce ọkọ̀ ojú irin, wato abin hawa mai bin hanyar ƙarfe, daura da ọkọ̀ ojú omi mai bin ruwa. Ibo ya ce ụgbọ oloko, daura da ụgbọ mmiri. Shi kansa layin, Bahaushe ya dubi tsawonsa ne ya kira shi dogo, wato ya mayar da sifa ta zama suna.

Ban da faɗaɗa ma'ana akwai aro. Kalmomi irin su reluwe da tasha da tikiti da fasinja da lebura da kwal da kwalbati duk daga Ingilishi aka aro su, aka lanƙwasa su daidai da tsarin gaɓar Hausa. Kalmar gada ta samo asali ne daga girder, wato dogon ƙarfen da ake ɗora gada a kansa, har ta kusa danne kadarko. Kalmar diga kuwa daga digger take, ta fara da nufin abin haƙa, sannan ta zama sunan aikin shimfiɗa dogon baki ɗaya. Wannan ne ya sa Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, kuma aikin ya ratsa ƙasarsa a kan idonsa, ya kira waƙar da ya rubuta game da shi Waƙar Diga. Wannan waƙa tana cikin shaidun farko na yadda mai mulki kuma malami Bahaushe ya kalli jirgin ƙasa. A adabin Ingilishi na Nijeriya ma, Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, a cikin tarago ya buɗe labarin littafinsa The Passport of Mallam Ilia.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan kalmomi su ne suka fito fili suka shiga bakin kowa. Bayansu akwai wani rumbun kalmomi na cikin sana'a: sunayen sassan injin tururi, da laƙabin da ma'aikata suka yi wa injuna da jiragen da suke bin wasu layuka, da kirarin leburori da waƙoƙinsu na aiki, da kiran 'yan talla a tasha, da salon maganar direba da mai zuba kwal da mai ba da hannu. Ƙamus yakan kawo kalma da ma'anarta a layi ɗaya ko biyu, amma ɗalibin da bai taɓa ganin injin tururi ba, ba zai gane abin da ake nufi ba sai an nuna masa. Gani ya kori ji. Idan abin ya ɓace, kuma wanda ya san sunansa ya rasu, to wannan ɓangare na harshe ya tafi ke nan.

4.0 Halin da Kayan Tarihin Suke Ciki

Tun daga tsakiyar shekarun 1960 harkar jirgi ta fara ja da baya. Fasinjojin da ya ɗauka sun haura miliyan 11 a 1964, amma zuwa 1974 ba su kai miliyan 5 ba. Yaƙin basasa ya lalata layin Gabas, arzikin man fetur ya karkatar da hankali ga tituna da manyan motoci, noman gyaɗa da haƙar kwal da kuza suka durƙushe. An fara shigo da injuna masu amfani da man dizal tun 1955, sannu a hankali suka maye gurbin masu tururi, ciki har da shahararrun injunan nan da aka raɗa wa sunayen kogunan Nijeriya. Waɗanda aka daina aiki da su, wasu an yanka an sayar a matsayin tsohon ƙarfe, wasu kuma an bar su a fili ruwa da rana suna cin su. Ga kuma matsalar ɓarayin da suke kwance ƙarafan dogo suna sayar wa masu narkarwa, abin da kafofin watsa labarai suka sha kawo rahotonsa.

Ƙoƙarin adanawa da aka yi bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da yawan kayan. Fitaccen misali shi ne Gidan Jaekel da ke harabar ma'aikatar jirgi a Ebute Metta, wanda aka gina a 1898. An sa masa sunan Francis Jaekel, tsohon babban jami'in hukumar, wanda ya wallafa tarihin jirgin ƙasa na Nijeriya cikin juzu'i uku a 1997. Wata ƙungiyar sa-kai mai suna Legacy 1995 ce ta gyara gidan a 2010 tare da haɗin kan hukumar, ta mayar da shi ƙaramin gidan tarihi mai ɗauke da hotuna da kayan aiki. A harabar gidan tarihi na Jos kuma an ajiye wasu daga cikin kayan ƙaramin jirgin Bauci. Waɗannan ayyuka sun cancanci yabo. Sai dai gida ɗaya a Legas da 'yan kayayyaki a Jos ba za su wadatar da tarihin dogo mai tsawon kilomita 3,505 ba.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfe saurin lalacewa, wato takardu da mutane. Littattafan albashi da jadawalin tafiye-tafiye da taswirori da sanarwar da aka buga cikin harsunan gida, gara da ɗanshi ba sa yi musu jinkiri. Mutumin da ya yi aiki a kan injin tururi kuwa, ko da yana matashi a lokacin, yau ya doshi shekara 70 ko ya wuce.

5.0 Abin da Wasu Ƙasashe Suka Yi

Masar ta buɗe gidan tarihin jirgin ƙasa a babbar tashar Alƙahira tun 1933. A Kenya an buɗe na Nairobi a 1971 a ƙarƙashin hukumar jiragen ƙasa. Indiya ta buɗe nata a Delhi a 1977 a ƙarƙashin ma'aikatar jiragen ƙasa. A Ingila, gidan tarihin jirgi na ƙasa da ke birnin York, wanda aka buɗe a 1975, yana samun tallafi daga baitulmali, kuma shigarsa kyauta ce. Duk waɗannan gidaje hukuma ce ta kafa su, ita ce kuma ginshiƙinsu.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Saliyo. Ƙasar ta rufe jirginta baki ɗaya a 1974, jirgin da faɗin layinsa ya yi daidai da na ƙaramin jirgin Bauci. An sayar da mafi yawan kayansa, amma aka killace wasu injuna da taragai a tsohuwar ma'aikatar gyara da ke Freetown, suka tsallake yaƙin basasar ƙasar. A 2005, shekara 3 kacal bayan ƙare yaƙin, aka buɗe wurin a matsayin gidan tarihi na ƙasa. Darasin da ke nan guda biyu ne. Na farko, abin da aka sa a ƙarƙashin rufi aka kulle shi ne ya tsira. Na biyu, ƙasar da ba ta kama ƙafar Nijeriya a arziki ba, kuma ba ta da jirgin fasinja, ta ga dacewar yin wannan aiki.

6.0 Dalilan Ɗora Nauyin a Kan Gwamnati

Dalili na farko shi ne na mallaka. Da dukiyar jama'a da guminsu aka shimfiɗa dogon nan, kuma hukumar gwamnati ce take riƙe da shi. Ƙungiyar sa-kai ba ta da ikon hana a yi gwanjon wani inji ko a rushe wata tasha. Mai abu ne kaɗai yake da wannan iko, saboda haka a kansa alhaki yake.

Dalili na biyu shi ne yanayin kayan. Injin tururi ba tukunyar ƙasa ba ce da za a sa a akwatin gilashi. Yana buƙatar fili da rumfa da layin da zai tsaya a kai da mai gadi da maƙerin da zai riƙa kare shi daga tsatsa, shekara da shekaru. Kuɗin shiga ba zai biya wannan ba, sai dai in za a tsawwala shi har ya fi ƙarfin ɗan makaranta, wanda kuwa dominsa aka yi gidan. Taimakon kamfanoni da na ƙasashen waje yana da amfani wajen gyaran gini ko shirya baje koli, amma yakan zo sau ɗaya ya wuce, ba ya biyan albashi.

Dalili na uku shi ne, doka da tsarin yin aikin suna nan. Nijeriya ta fara gidajen tarihi tun na Esie a 1945 da na Jos a 1952 da na Legas a 1957. Dokar 1979 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta ba ta ikon ayyana gini ko wuri a matsayin abin tarihi na ƙasa. 'Yar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru aka kafa a Kaduna tana cikin wannan jeri. Haka kuma gwamnati ta kafa gidan tarihin yaƙi a Umuahia, inda aka ajiye jiragen sama da motocin yaƙi. In har kayan da aka yi faɗa da su sun sami matsuguni, to kayan da suka haɗa jama'a ba su cancanci a bar su a bola ba.

Akwai masu sukar wannan ra'ayi ta fuska biyu. Wasu na ganin jirgin ƙasa kayan mulkin mallaka ne da aka yi don kwashe albarkatun ƙasa, don haka adana shi tamkar girmama azzalumi ne. Gaskiya ne don kwasar kaya aka yi shi, taswirarsa ma ta nuna haka, tun da kowane layi teku ya nufa. Amma gidan tarihi wurin kafa hujja ne, kuma wanda ya zubar da shaidarsa ya raunana ƙararsa. A can ne za a nuna wa na baya digar da kakansa ya riƙe da ladan da aka biya shi. Wasu kuma na cewa ƙasar da asibitoci da makarantunta suke cikin buƙata ba ta da rarar kuɗin kashewa a kan tsohon ƙarfe. Wannan magana tana da nauyi. Sai dai abin da ake nema ɗan kaɗan ne idan aka auna shi da abin da ake kashewa a kan sababbin layuka, domin filaye da rumfuna da kayan duk suna nan, ba saye za a yi ba. Bugu da ƙari, ana iya ɗage gina sabuwar tasha zuwa baɗi, amma injin da aka narkar bana ba ya dawowa.

7.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, ana ba da waɗannan shawarwari:

(a) Gwamnatin Tarayya ta dakatar da gwanjon duk wani inji ko tarago ko kayan aiki na tsohon layi har sai masana sun ƙidaya su, sun ware waɗanda suka cancanci adanawa.

(b) A ayyana zaɓaɓɓun tashoshi da ma'aikatu da gadoji a matsayin abubuwan tarihi na ƙasa, musamman a Ebute Metta da Jebba da Baro da Zungeru da Zariya da Kano da Kafanchan da Inugu.

(c) A kafa babban gidan tarihin jirgin ƙasa a Ebute Metta, da rassa a Zariya da Inugu, a kuma ba su gurbi na dindindin a kasafin kuɗin shekara. Ana iya ƙarfafa wannan da wani kaso na kuɗin hayar filaye da gine-ginen hukumar jiragen ƙasa.

(d) Tun da gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa, ya dace su ma su ɗauki nauyin tsofaffin tashoshin da ke yankunansu.

(e) Sassan nazarin harsunan Nijeriya da na tarihi a jami'o'i su nemi tallafin bincike domin ɗaukar muryoyin tsofaffin ma'aikata da 'yan kasuwar tasha cikin harsunansu, a fitar da ƙamus na kalmomin jirgi. Wannan ne ya fi kowanne gaggawa.

(f) A rubuta bayanan da za a liƙa a jikin kayayyaki cikin Hausa da Yarabanci da Ibo da harshen yankin da gidan yake, tare da Ingilishi. Yin haka zai buɗe wa masana fassara da ƙirƙirar kalmomi wani sabon fage.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa dogo ya haɗa Nijeriya tun kafin a haɗa ta a mulki, ya sauya hanyoyin fatauci, ya kafa garuruwa, ya kuma bar sawunsa a cikin harsunanmu. An nuna cewa shaidun wannan tarihi suna ƙarewa, kuma ƙoƙarin 'yan sa-kai, duk da muhimmancinsa, ba zai iya riƙe su ba. Gwamnati ce mai kayan, ita ce mai doka, ita ce kuma mai aljihun da zai jure hidimar shekaru. Mu kuma masu nazarin harshe namu aikin ba ya jiran kasafin kuɗi kafin a fara shi. A kusan kowane gari da dogo ya ratsa akwai tsohon direba ko mai gyaran layi da yake zaune a ƙofar gidansa da kalmomin da ba a taɓa rubutawa ba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma ya kamata a je gare su tun suna raye.